Ruwan Challawa da Rabon Wutar Lantarki

Duk wanda ya taɓa zuwa Turawa, a ƙasar Karaye, ya ga dam ɗin Challawa. Ruwa ne iyakar ganinka. An soma ginin madatsar cikin 1990, aka gama cikin 1992. Tsayinta mita 42 ne, watau kamar mutum 25 su tsaya wani bisa kan wani. Tsawonta kuwa ya yi kusan kilomita 8. Dattawan da ke cikin ajin nan sun san wurin tun ba ruwa. Sun san gonaki da gidajen da ruwa ya cinye, sun kuma san mutanen da aka tasa aka kai su sabon mazauni.

To, a cikin ruwan nan akwai wutar lantarki. Amma in dare ya yi, ƙauyuka da yawa na Karaye da Rogo sai tocila da hasken wayar hannu. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Yau za mu duba dalili. Za mu kuma ga yadda masu wuta ke tsara aikinsu na shekaru masu zuwa, domin mu san inda za mu sa baki.

Yaya ruwa ke ba da wuta? Kun san injin ban ruwa. Ana zuba masa fetur, ya juya, ya turo ruwa. To, a nan ruwa ne ke tura inji. Ana buɗe masa hanya ta cikin wani babban bututu a gindin madatsa. Sai ya fito da ƙarfi ya bugi farfela, farfela ta juya inji, inji ya ba da wuta. Ruwan ba ƙonewa yake yi ba. Fita yake yi ta ɗaya gefen ya ci gaba da tafiyarsa cikin kogi. Ba hayaƙi, ba sayen mai. Shi ya sa ake ce mata wuta mai tsabta. Wutar sola ma haka take, gama hasken rana take zuƙa. Ta janareta ita ce maras tsabta. Wanda ya taɓa kwana kusa da janareta ya san warinta da ciwon kanta.

Ana auna ƙarfin wuta da wat, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Ƙaramin ƙwai mai farin haske yana cin wat 10. Wat miliyan ɗaya shi ne megawat ɗaya, watau ya isa ya kunna irin ƙwan nan guda 100,000. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin wuta ta shigo gida sai ta bi ta hannu uku, kamar dai masara. Akwai manomi, akwai mai mota, akwai mai awo a kasuwa. Manomin wuta shi ne mai inji, irin na Kainji da aka gama cikin 1968, da Jebba, da Shiroro, da kuma injunan gas da ke kudu, waɗanda su ne ke ba da mafi yawan wutar ƙasar nan. Mai mota shi ne mai manyan wayoyin nan da ke ratsa daji bisa dogayen ƙarafa. Mai awo kuwa shi ne kamfanin da ke kawo ta ƙofar gida ya karɓi kuɗi. Da can hukuma ɗaya ce ke yin duka ukun, watau NEPA, wadda aka kafa cikin 1972. Cikin 2013 aka sayar da sashen rabawa ga kamfanoni. Namu shi ne KEDCO, mai kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Har yanzu in wuta ta dawo yara kan yi ihu da sunan NEPA. Sabo ke nan.

Kun ga ashe wutarmu baƙuwa ce, daga nesa take zuwa. Cikin watan Oktoba na 2024 manyan wayoyin da ke kawo ta arewa suka lalace, har da ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro zuwa Kaduna. Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara, da masu walda, da masu niƙa, kowa ya ji a jikinsa. Wanda rumbunsa ke garin wasu, ran da hanya ta yanke sai ya kwana da yunwa.

Saboda haka aka daɗe ana neman a noma wuta a gida. Cikin 2013 gwamnatin Kano, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta ba da kwangilar sa injin wuta a madatsun Tiga da Challawa. Aikin ya ɗauki shekaru fiye da yadda aka zata. A ƙarshe aka tsai da na Tiga a kan megawat 10, na Challawa kuwa megawat 6. Ku yi lissafi: megawat 6 ƙwai 600,000 ke nan. Wutar Tiga an nufe ta ne ga injunan ruwan famfo na Tamburawa da fitilun titin birnin Kano. Har wa yau cikin Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gonar sola mai megawat 10 a Kumbotso, kusa da masana'antu. Jami'ar Bayero ma ta sami tata tun 2019.

Duk waɗannan ayyuka ne masu kyau. Ruwan famfon birni 'yan'uwanmu ke sha, masana'antu kuma 'ya'yanmu ke aiki a ciki. Amma ku dubi inda suka nufa: birni, birni, birni. Mu a ganinmu, mutanen da suka ba da gonakinsu aka tara ruwa, bai kamata su zama na ƙarshe a layi ba.

Kada dai mu ɗauka mugunta ce kawai. Lissafi ne. A Fagge, in kamfani ya ja waya kilomita ɗaya, gidaje da shaguna ɗaruruwa za su sha daga gare ta. A tsakanin Zarewa da wani ƙauye na cikin daji kuwa, sai a ja kilomita goma, a kafa turaku, a sayi taransifoma, a tarar da gida talatin, kowanne ƙwai biyu da cajin waya. Mai awo inda ciniki yake can yake baza tabarmarsa. In an bar shi da son ransa, ba zai zo ƙauye ba sai ya gama da birni, birni kuwa ba ya ƙarewa.

Akwai kuma maganar rukuni. An kasa masu shan wuta kashi biyar, daga A zuwa E. 'Yan rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Cikin Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, sauran kuwa ba a taɓa su ba a lokacin. Wannan ya yi wa talaka sauƙi ta wajen kuɗi. Amma in wuta ta yi kaɗan, wa kuke tsammani za a fara ba? Wanda ya fi biya. Wanda ke da wuta a gidansa ya dubi takardar kuɗinsa, ko ya tambayi ma'aikaci, ya san rukunin da aka sa layinsu, sa'an nan ya ƙirga awowin da yake samu.

To, mene ne shiri na dogon lokaci? Taransifoma ba a saye ta don bana kaɗai. Injin dam kuwa ya kan yi shekaru hamsin yana aiki, ga Kainji nan shaida. Don haka kamfani kan zauna ya rubuta: nan da shekara biyar, ko goma, garuruwa kaza za su sami waya, za a sayi wuta kaza daga dam, kaza daga rana, kaza daga gas. Hukumar NERC, mai sa ido kan sha'anin wuta, ita ke duba irin wannan takarda, ta kan kuma kira taron jin ra'ayin jama'a kafin a canja farashi. Tun ran gini, ran zane. Garin da ba a rubuta sunansa ba ran da ake zane, zai daɗe yana jira.

Ƙasa baki ɗaya ma tana da nata shirin. Cikin 2021, a taron duniya da aka yi a Glasgow ta ƙasar Birtaniya, Nijeriya ta yi alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya har ya zama ba ta ƙara kome a kai, nan da 2060. Cikin 2022 ta fito da takardar yadda za a yi. Yaron da aka haifa cikin 2025 zai kai shekara 35 kafin lokacin. Sai dai barin mai yana da zafi, kuma ba kowa zafin ke kama daidai ba. Kun gani da idonku cikin Mayu na 2023, sa'ad da aka cire tallafin fetur. Mai kuɗi ya sayi sola da batura ya huta. Mai noman rani a bakin Challawa kuwa ya dubi injinsa, ya dubi kuɗin galan, ya rage fadin gonarsa. Adalci a nan shi ne a yi shirin yadda wanda ba shi da kuɗin sayen sola shi kaɗai zai sami rabonsa.

Hanya ɗaya ita ce ƙaramar tashar gari. Ana kafa farantan sola a fili guda, da batura, a ja waya cikin gari, kowa da mitarsa, kowa ya biya abin da ya sha. Ba sai an jira layi daga Kano ba. Hukumar REA, mai kula da wutar karkara, tana tallafa wa masu kafa irinta. An yi wata a Zawaciki ta ƙasar Kumbotso, mai megawat ɗaya, da haɗin kan KEDCO: rana ta ba da wuta da rana, layin kamfani ya taimaka in yana da ita. Dokar wuta ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara sha'anin wutarsu da kansu. Watau ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta matso kusa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A tashar sola, batir yana cikin abin da ya fi tsada, shi ne kuwa ke riƙe wutar dare. Garin da ba ya son kome sai ƙwai da dare, wutarsa za ta yi tsada, mai kafa tasha ma zai yi ta jan ƙafa. Amma garin da ke da injin niƙa, da injin ɓarzar masara, da na matsar rake, da mai walda, da tela, da injin ban ruwa, waɗanda duk da rana suke aiki, wutarsu daga rana kai tsaye take zuwa. Su ne ke ɗauke nauyin tasha, har gwauruwa mai ƙwai ɗaya ta sami sauƙi. Ƙasar Rogo da Karaye kuwa ba ta rasa irin waɗannan injuna. Abin da ta rasa shi ne wanda ya ƙirga su ya rubuta.

Ba a kafa irin wannan tasha sai an yi yarjejeniya a rubuce da mutanen gari. Ran nan kada a bar wa mai gari da mutum biyu. A karanta takardar da ƙarfi a gaban jama'a. Nawa ne yunit? Wa ke da ikon ƙara kuɗi, kuma yaushe? In inji ya lalace kwana nawa za a yi a gyara? Filin da aka bayar, haya ne ko kyauta? Asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse suna ciki? Unguwar bayan gari fa, da rugar Fulani? A kira mata su ma, gama su ne masu kai niƙa, su ne masu shan hayaƙin murhu, su ne kuma masu sana'ar zoɓo da kunun aya da ke neman sanyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kowa ya dangwala yatsa kan abin da bai ji ba.

Mu ma da namu laifin. Wanda ya ja wuta ta bayan mita, maƙwabcinsa ya ɗora wa kuɗin. Wanda ya ga ana kwance taransifoma da dare ya yi shiru, ya taya ɓarawo sa garinsu cikin duhu. Kamfani yana rubuta waɗannan duka, yana kuma dubawa ran da zai zaɓi inda zai kashe kuɗinsa.

Sai mu koma bakin dam. Ruwan Challawa ba namu ba ne mu kaɗai. Yana gangarawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Hadejiya. Birni na sha, manoma na ban ruwa, masunta da makiyaya na can ƙasa har Nguru suna jira. Hukumar kogin Hadejiya da Jama'are ita ke riƙe da makullin sakinsa. Mai injin wuta yana son a riƙa saki kullum daidai wa daida. Amma sakin ruwa rani da damina ya taimaka wa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadejiya. Shirin ƙwarai sai ya auna wannan ma. Mu kuma na sama, in muna noma har bakin ruwa, muna sare itatuwan gaɓa, damina za ta riƙa kwashe ƙasarmu tana zubawa cikin dam. Gona ta rame, dam ya cike da yashi, ruwan da zai juya inji ya ragu.

Aikin wannan mako. Kowane aji ya ɗauki takarda ɗaya, ya rubuta sunan garinsu a sama. A ƙasa a rubuta yawan gidaje, da yawan injunan niƙa da na ban ruwa, da masu janareta, da litar mai nawa kowannensu ke saye a mako. A tara kuɗin man duka, a ninka sau 52, a ga abin da gari ke ƙonawa a shekara. A rubuta kuma nisan gari daga turken wuta mafi kusa. Malamin aji zai duba lissafin. A yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye wurin mai gari, ɗaya a kawo mana ran kasuwa.