Amfanin Barin Itatuwa a Gona

Manoma da makiyayan ƙasar Baure, ku saurara. Kowa ya san wahalar bazara: harawa ta ƙare, ciyawa ta zama ƙura, tunkiya na cin leda a bakin kasuwa, mata kuwa sai sun yi nisa kafin su haɗa damin makamashi. Maganin wannan yana cikin gonakinmu, wato itatuwan da muke sarewa lokacin sharar gona.

Babbansu shi ne gawo. Da damina yakan kaɗe ganyensa, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, ya zubo 'ya'yan da awaki da shanu ke rububi. Aduwa da magarya suna ba da ganye da 'ya'ya. Bagaruwa abincin dabba ce, majema ma da 'ya'yanta suke jima. Kirya kuwa turmi da gawayin maƙera.

Dasa sabon itace yana da kyau, amma sai da ban ruwa da shinge. Akwai hanya mafi sauƙi. Manoman Maraɗi sun kama ta tun wajen 1983, ta bazu har Magarya da Matamaye, maƙwabtanmu na ƙasar Damagaram. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a Nijar ta wannan hanya.

Ga yadda ake yi. In ka tarar da kututturen kalgo, sabara ko gawo ya yi toho, kada ka ƙone shi. Zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi ka bari, ka cire sauran da kaifaffen gatari, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ɗaura tsumma a jiki, kowa ya san yana da mai shi. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, saboda haka girman ba ya jinkiri. Kowace shekara ka rage rassa: ganye na dabbobi, icce na murhu.

Makiyayi ya sassabi reshe, kada ya datse kan itacen gaba ɗaya. Masu unguwanni da dagatai su kafa doka a kan wannan, su kuma tsaya a kanta. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Kowa ya fara da kututture goma a sharar bana.