Hukuncin Wanda Ya Mai Da Iznin Zama A Ƙasar Baƙunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi Musulmin da ya samu iznin zama na dindindin a wata ƙasa, kamar Amurka ko Ingila, sa'an nan ya yi nufin komawa gida ɗungum, don jinyar iyaye, ko tarbiyyar 'ya'ya, ko tsufa. Shin ya halatta ya ajiye abin da wasu ke nema ido rufe? In ya halatta, me ya wajaba a kansa?

Amsa ita ce ya halatta. Iznin zama wani irin amana ne da hukuma ke bai wa baƙo, kuma Larabawa sun san irinsa tun kafin Hijira, suna kiransa jiwari, watau wani babba ya shelanta cewa wane yana ƙarƙashin kariyarsa. Sayyidina Abubakar ya zauna a Makka cikin jiwarin Ibnu Dagina. Da sharuɗɗan suka yi karo da sallarsa da karatunsa, sai ya mai da masa jiwarinsa, ya dogara ga Allah. Imamu Buhari ya ruwaito wannan.

Labarin Usmanu ɗan Maz'unu ya fi bayyana yadda ake yi. Da ya komo daga Habasha ya shiga Makka cikin jiwarin Walidu ɗan Mugira. Da ya yi niyyar fita daga cikinsa, sai ya tafi wurin Walidu, ya yaba cika alkawarinsa, suka je masallaci tare, aka warware jiwarin a gaban jama'a kamar yadda aka ƙulla shi a gaban jama'a. Ba a daɗe ba wani ya mare shi a ido. Walidu ya yi masa tayin ya komo, ya ƙi. A nan akwai darasi biyu: a fita ta ƙofar da aka shiga, kuma a san cewa fitar tana da farashi.

Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai su cika alkawura, ba ta kuwa ware alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba. A Amurka akwai fom mai lamba I-407, wanda mai koren kati ke cikawa ya miƙa tare da katin don a rubuta cewa ya ajiye izninsa da son ransa. Muddin iznin bai ƙare bisa doka ba, hukumar haraji tana lissafa shi cikin mazauna, tana bin sa bayanin abin da ya samu ko a Kano yake. Wanda ya riƙe katin cikin shekara 8 daga shekara 15 na ƙarshe kuma akwai ƙarin bayanin dukiya da zai bayar. A Ingila, iznin zama marar iyaka kan faɗi idan mutum ya yi fiye da shekara 2 a jere a waje. Saboda haka wanda ya tare a gida, amma yana leƙawa sau ɗaya a shekara yana gaya wa ma'aikatan shige da fice cewa can yake zaune, lalle ya yi ƙarya, kuma ƙarya haramun ce ko wa aka yi wa.

Sa'an nan akwai haƙƙin bayin Allah. Daren Hijira, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mai da wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar nan ba su yi imani da shi ba. Malaman Malikiyya sun ce mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya idan lokacin biya zai yi yana can, sai fa in ya kawo lamuni. Bashin banki, da kuɗin haya, da na asibiti, teku ba ta wanke su. Haka kuma mace: in an yi mata sharaɗi wurin ɗaurin aure ba za a fitar da ita daga garinsu ba, Hambaliyya sun ce sharaɗin ya lizimci miji, Malikiyya sun ce an so ya cika shi. Ya kamata a yi shawara da iyali tun takarda ba ta bar hannu ba, domin wanda ya miƙa katinsa, in zai koma, sai ya nemi biza kamar kowane baƙo.

Saura maganar salla. Matafiyi yana yin ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, har sai ya shiga garinsa ko ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku. Wanda ya bar gari da niyyar ba zai sake zama cikinsa ba, garin ya daina zama mazauninsa. In ya koma ɗebo kaya ko sayar da gida, bai yi niyyar kwana 4 ba, sai ya yi ƙasaru ko da ya shekara 20 a can. Amma in ya bar matarsa da ya tare da ita a garin, da shigarsa sai ya cika salla. Abin lura a nan niyya ce da halin zama. Kati ba ya sa a cika salla, rashinsa ba ya sa a rage ta.

Wanda zuciyarsa ke rawa ya yi istihara, ya tambayi masana dokar ƙasar, ya biya abin da ke kansa, ya yi sallama da maƙwabta da alheri. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya zauna Habasha fiye da shekara 10 cikin amanar Najashi, ya taso a shekara ta 7 bayan Hijira, Annabi ya tarye shi da murna a Haibara. Arziki yana hannun Wanda ya shimfiɗa ƙasar duka.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya komo da matafiya gida lafiya, amin.