Yadda Ake Gano Dutsen Sararin Samaniya A Kuma San Falakinsa

Tsakanin duniyar Mars da ta Jupita akwai wani fili da duwatsu sama da miliyan ke kewaya rana. Wanda aka fara gani shi ne Ceres, a daren 1 ga Janairun 1801, daga birnin Palermo na Italiya, a madubin hangen nesa na Giuseppe Piazzi. Kayan aiki sun sauya tun daga lokacin, amma matakan suna nan yadda suke.

Mataki na farko, samu hotuna. Ba sai kana da madubin hangen nesa ba. Shirin IASC, wanda ke jami'ar Hardin-Simmons a Texas, yana raba wa ɗalibai da masu sha'awa hotunan da na'urar Pan-STARRS ta ɗauka a Hawayi, kyauta. Kwamfuta da intanet da manhajar Astrometrica sun wadatar.

Na biyu, nemo abin da ke motsi. Za a ba ka hotunan wuri guda na sama, an ɗauke su da tazarar wasu mintuna. Manhajar za ta riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Taurari suna nan daram, sai wani ɗan ɗigo ya riƙa matsawa. A nan ake bukatar natsuwa. Dutse na gaskiya yana tafiya a miƙe, da tazara iri ɗaya daga hoto zuwa hoto, haskensa bai cika sauyawa ba. Ɗigon da ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace, ko ya yi tsalle gefe, ƙyale shi, dattin na'ura ne. Lokacin da irin waɗannan duwatsu suke kishiyar rana daga wajenmu, tafiyarsu a yini ba ta wuce kusan rabin faɗin wata ba.

Na uku, auna matsayinsa da lokacin kowane hoto, ka duba ko sananne ne. Yawanci za ka tarar an riga ka. Idan babu shi a jerin sanannun duwatsu, rahoton ya tafi cibiyar MPC da ke Cambridge a Massachusetts, mai riƙe da rajistar duniya. In an sake ganinsa a wani daren, sai a ba shi lambar wucin gadi mai ɗauke da shekarar ganowa.

Mataki na huɗu shi ne bibiya, kuma a ganina a nan aikin yake. Piazzi ya bi Ceres kimanin kwana arba'in, sannan hasken rana ya rufe shi, ya ɓace wa kowa. Carl Friedrich Gauss, matashi ɗan shekara 24, shi ya fito da hanyar lissafin falaki, wato hanyar da dutse ke bi yana kewaya rana, daga gani uku kacal: matsayi uku da lokutansu. Da lissafinsa Franz von Zach ya sake kama Ceres a Disambar 1801, kusa da inda aka ce a duba. Yau mun san yana cika zagaye ɗaya a shekara 4.6, nisansa da rana ya kusa ninka namu sau uku. Gani uku na kwanaki kusa da juna falaki mai rauni yake bayarwa. Kowane sabon awo yana ƙara masa ƙarfi. Saboda haka kada ka raina auna dutsen da wani ya gano, wannan awon ne yake hana shi ɓata.

Na ƙarshe, haƙuri. Sai an ga dutsen sau da dama a lokutan da yake dawowa kishiyar rana, galibi huɗu, kafin a ba shi lamba ta dindindin, abin da kan ɗauki shekaru. Daga nan wanda aka tabbatar wa ganowar yana da shekara goma ya gabatar da suna, kwamitin Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ya duba ya amince.