Bin Diddigin Mutuwar Kazar Gida Farat Ɗaya: Nazari Daga Karkarar Bici

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Bici tana cikin yankin nan na kewayen Kano da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi fice da nazarinsa, inda gona ke manne da gona, gida kuma ke kusa da gida. A ƙauyuka irin su Badume da Ɗanzabuwa da Saye, da wuya a shiga gidan da babu akurki. Galibin kajin na matan aure ne da yara, kuma su ne asusun da ake fasawa idan bukatar magani ko ta biki ta taso. Saboda haka idan aka wayi gari kaza ta takure, kafin azahar ta mutu, an yi asarar jari ne, kuma sauran kajin gidan da na maƙwabta suna cikin haɗari. Wannan maƙala ta duba hanyar da ake bi a gano musabbabin irin wannan mutuwa. Matsayinta shi ne, labarin abin da ya faru a gidan cikin mako biyu kafin mutuwar ya fi kamannin gawar faɗin gaskiya.

2.0 Tambayoyin Farko

Kaza tana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta, don haka abin da mai ita ke kira mutuwar farat ɗaya sau da yawa ƙarshen jinyar kwanaki ce da ba a lura da ita ba. Likitan dabbobi yakan fara da ƙidaya: kaza nawa ce ta mutu, cikin kwana nawa, kuma manya ne ko 'yan tsaki? Idan guda ɗaya ce sauran na kiwo lafiya, hankali yakan koma kan matsalar jikinta ita kaɗai. Ƙwai na iya maƙale mata, ko ya fashe a ciki ya ruɓe, sai a ga cikinta ya kumbura tana tafiya a miƙe da ƙyar. Zafin bazara ma yana kashewa, domin zafin jikin kaza yana kusan digiri 41 kuma ba ta gumi, ga shi a watan Afirilu zafin ƙasar Kano kan haura digiri 40. Wadda aka kulle a akurkin kwano ba ruwa tana iya mutuwa kafin la'asar.

Idan kuwa biyu ko uku ne suka faɗi a jere, tambaya ta biyu ita ce: me ya shigo gidan? Sabon zakara daga kasuwa, kazar da aka kawo kyauta, kejin dillali da aka ajiye a zaure, duk hanyoyin cuta ne. A ƙasa irin ta Bici, inda kajin gida goma ke tono a juji ɗaya, dole tambayar ta haɗa da gidajen maƙwabta.

3.0 Babbar Wadda Ake Zargi

Cutar da ta fi kowace hallaka kajin gida a Arewacin Nijeriya ita ce Niyukasil. An fara bayyana ta a shekarar 1926 a tsibirin Jaba na Indunisiya da kuma garin Ingila da ta samo sunansa, sannan aka tabbatar da ita a Nijeriya a wajejen Ibadan cikin 1952 zuwa 1953. Ƙwayar bairas ce ke haddasa ta. Takan ɗauki kwana biyu zuwa goma sha biyar a jiki kafin ta bayyana, galibi biyar ko shida, shi ya sa ake tambayar abin da ya shigo gida mako biyu baya. Ta fi tsananta da hunturu, lokacin da kuma cinikin kaji ke ƙaruwa saboda bukukuwan bayan kaka da na ƙarshen shekara.

Alamominta sanannu ne ga masu kiwo: kaza ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa mayafi, ta yi ta gyangyaɗi, ta yi zawo kore, numfashi ya yi ƙara. Wadda ta ɗan jima takan murɗe wuya ko ta riƙa juyawa wuri ɗaya. Idan likita ya buɗe gawar, yakan sami ɗigo-ɗigon jini a bangon ƙaramin tumbin da ke gab da ƙundu, da gyambuna a hanji. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, nau'inta mai tsanani na iya share kusan kowa. Wani abin lura shi ne, agwagwa kan ɗauki ƙwayar ba tare da ta nuna ciwo sosai ba, don haka ganin agwagi lafiya alhali kaji na zubewa yana ƙara ƙarfin zargin.

Sai dai a nan ne ido ke gazawa. Murar tsuntsaye mai tsanani tana kama da Niyukasil ƙwarai, har ƙwararren likita ba ya rantsuwa a kan ɗaya sai an yi gwaji. An tabbatar da nau'in H5N1 karon farko a Afirka cikin Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, Kano ma ba ta tsira ba, kuma cutar ta sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015. Bambancin da ya sa rarrabewar ta zama dole shi ne, Niyukasil ba ta cika yi wa mutum abin da ya wuce jan ido ba, murar tsuntsaye kuwa ta kashe wata mata a Legas a 2007. Kumburin kai, da zankon da ya rine ya yi shuɗi-shuɗi, da jan jini a ƙaurin kaza, alamu ne da ya kamata su sa a janye hannu a nemi jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, ita ce ke tabbatar da sakamako.

4.0 Waɗanda Ake Mantawa da Su

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jingina kowace mutuwa ga annoba. A yankin da gona ke farawa daga bayan katanga, guba tana kusa da bakin kaza. Da faɗuwar damina ana shuka gero da dawa da aka cuɗanya da maganin iri, kaji kuma su bi rami suna tonowa. Ga maganin ɓera da ake barbaɗa wa tsaba, ga Sniper da ake fesa wa wake a rumbu. Guba tana da tata shaidar: kaji da yawa masu ƙiba su faɗi cikin sa'o'i kaɗan, wasu na karkarwa da dalalar yawu, sannan mutuwar ta tsaya cak da zarar an kawar da tushen. Annoba kuwa takan fara da ɗaya ko biyu ta yi ta hauhawa kwana bayan kwana. Wannan bambancin na lokaci shi kaɗai yana warware shari'o'i masu yawa.

Akwai kuma gubar da ke taruwa a mushe da tsutsotsin cikinsa. Kazar da ta ci su wuyanta kan saki ya kwanta laƙwas, saɓanin murɗewar Niyukasil. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana lalata hanta sannu a hankali. Kwalarar kaji da taifot ɗin kaji, waɗanda bakteriya ke kawowa, sun fi kama manya, kuma maganin kashe bakteriya na iya taimaka wa waɗanda suka kamu da su. Kashin jini ko cutar Gumboro sun fi shafar ƙanana masu makonni kaɗan. Wata kaska mai taushi tana ɓuya a tsagar bangon akurkin ƙasa da rana, ta fito da dare ta sha jini, ta bar wa kaza zazzaɓi da zawo kore. Mai dubawa da rana ba zai gan ta a jikin kaza ba, sai ya haska tsagar da tocila.

5.0 Gawa a Matsayin Shaida

Al'adar da ta fi ɓata bincike tana da dalili mai ƙarfi. Tun da mushe haramun ne, da an ga kaza na neman mutuwa sai a yi maza a yanka, ko a kai sauran kasuwa kafin su faɗi. Yankan yana watsa jini da gashi da kayan ciki a tsakar gidan da sauran ke kiwo, kaiwa kasuwa kuma yana miƙa cutar ga wani ƙauye. Haka nan jefa gawa a juji yana ba karnuka damar ja ta gida-gida. Kafson nan mai ja da rawaya da ake zuba wa a ruwan sha, tare da barkono ko ɓawon maɗaci, ba ya taɓa bairas, kuma yana iya rikita gwajin bakteriya idan an kai ga yin sa.

Abin da ya dace shi ne a sa leda a hannu a ɗauki gawar, a ƙulle ta cikin leda biyu, a ajiye a wuri mai sanyi ba tare da ta daskare ba, a kai wa likita cikin yini guda, domin zafi yana narkar da kayan ciki da wuri. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da ake irin wannan fiɗa. Wadda ba za a kai ba, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi. Sabuwar kaza kuma a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da sauran.

Idan bincike ya tsaya a kan Niyukasil, babu maganin da zai warkar da waɗanda suka kamu, amma akwai rigakafi. Nau'in I-2, wanda aka samar a Ostireliya kuma cibiyar Bom ke haɗawa, yana jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a ido ɗigo ɗaya ga kowace kaza, a maimaita duk wata huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka unguwa ce ya kamata ta haɗu a yi rana guda, kuma a yi tun cikin watan Oktoba kafin iskar hunturu ta kaɗa.