Tsakanin "Hawan Jini" da "Damuwa": Ɗan Nazari Daga Ƙasar Katagum

Malamanmu sun sha gaya mana cewa ma'anar kalma tana cikin yadda ake amfani da ita. Ina so in gwada wannan batu da bakin matan Azare da ƙauyukan Katagum masu hawan jini, idan suna gaban likita.

Shi hawan jini aunawa ake yi: idan awo ya riƙa kai 140/90 ko sama, an same shi. Ciwon damuwa kuwa ba shi da na'ura, sai tambaya. Takardar da aka fi sani, PHQ-9, tambayoyi tara ce kan makonni biyu da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, da gushewar sha'awar abin da ake so a da. To, a nan Hausa take shigowa. Da wuya uwa ta ce tana cikin baƙin ciki, don gudun a ce ba ta da tawakkali. Sai dai ta ce "tunani ya yi mini yawa", ko "ƙirjina ya yi nauyi", ko "jinina ne ya hau". Wannan na ƙarshe shi ne tarkon, domin a bakinmu hawan jini cuta ne, kuma ɓacin rai ne. Sai a ƙara mata ƙwayar hawan jini, ainihin ciwon yana nan kwance.

Illar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ciwon damuwa ya fi kama mata, kuma mai shi takan yi sakaci da shan magani, jinin ya ƙara hawa. Methyldopa da ake ba masu juna biyu ma yana iya tsananta shi, don haka dole likita ya ji gaskiya. Magani akwai: zaman tattaunawa da ƙwararre, da ƙwayoyi irin su fluoxetine, waɗanda sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu. Amma in aka ce mata "maganin taɓin hankali" ne, a ganina ƙarƙashin katifa zai ƙare. "Ciwon damuwa" ya fi shiga kunne, ko da yake kalmar ta yi faɗi, tunda rashin kuɗin cefane ma damuwa ne.

A 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Da Ingilishi ake koyar da likitocinta, tsohuwar da za ta zauna gabansu kuwa da Guddiranci za ta yi musu bayani.