Ciwon Dajin Mafitsara da Maganin Gwaji

Tambaya: Mahaifina ya daɗe yana fitsarin jini, yanzu an ce ciwon dajin mafitsara ne. Na ji ana gwada magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. Mu neme su? Daga mai karatu a Balan, Gaya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ku fara tambayar likita wane iri ne. A ƙasarmu, tsargiyar da aka bari shekaru tana haddasa wani iri da ba a cika gani a Turai ba. Pembrolizumab, ɗaya daga cikin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, wanda Amurka ta amince da shi don ciwon dajin mafitsara a 2017, galibi a kan irin na can aka gwada shi. Ga namu, tiyata da wuri aka fi dogara da ita, kada jiran sabon magani ya cinye lokacin.

Game da shiga gwaji kuwa, Kanawa ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Gwaji na gaskiya sai da amincewar NAFDAC, a yi wa Baba bayani da Hausa, ya yarda da kansa, kuma yana iya janyewa duk ranar da ya so. Ku kai shi Asibitin Malam Aminu Kano da takardun gwaje-gwajensa duka.