Darasi na Tara: Zaɓen Ƙwan Tocila

Idan ƙwan tocilarka ya mutu, ko haskensa ya dusashe, ba lallai ne ka yar da tocilar ba. Akwai ƙwan zamani da ake kira LED, wanda ake sayarwa haɗe da madubin da ke tura haske gaba. Idan girmansa ya yi daidai da tocilar, sai ka kwance kanta, ka zare tsohon, ka zura sabon.

Masu saye sukan fara duba yawan haske, wanda ake aunawa da lumen. Kai dai fara da batir. Batir na yau da kullum bolt 1.5 yake bayarwa. Shi kuwa batirin litiyam mai lamba 18650 yana kaiwa bolt 4.2 idan ya cika da caji. In ka jera biyu, ƙarfinsu ya zama 8.4. Ƙwan da aka yi domin batir ɗaya, in ka ɗora masa wannan ƙarfi, yana iya ƙonewa nan take, kuɗinka ya tafi a banza. Saboda haka karanta abin da aka rubuta a jikinsa tukuna.

Sa'an nan sai batun zafi. Ƙwai mai tsananin haske yana ɗaukar zafi ƙwarai, yana kuma shanye batir da sauri. Tocilar roba ba ta iya fitar da zafin. Ta ƙarfe ce ta dace da shi. Wanda karatun dare kawai zai yi, ina ruwansa da hasken da ke kashe ido?

Tambayoyi
1. Da me ake auna yawan haske?
2. Me ya sa tocilar ƙarfe ta fi dacewa?